Gawar da Ta Yi Susa

Birnin Kudu, Lahadi 3 ga Nuwamba

Zuwa ga bawana Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar Gwaggo Kaltume? Ka ce mata ta rage tsayuwa wajen kaɗe riɗi, tunda ta haifi ƙato kamarka. Mu nan lafiya lau, Baba ya warware daga zazzaɓin, ni kuma an fara tura mu ɗakin marasa lafiya muna koyon aiki. Kada ka ɓata rai da sunan da na kira ka. Ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, ba ni na ƙirƙiro taubasantaka ba.

Dogara direba ya kawo mini memorin a naɗe cikin takardarka. Shekara biyu ke nan muna wannan gasa, kowa yana neman fim ɗin da ya fi lalacewa ya aika wa ɗan'uwansa mu sha dariya, amma ban taɓa zaton kai da kanka za ka shirya wanda zai kayar da su duka ba. Sau shida muka kalla a ɗakin kwananmu, har wata ta faɗo daga gado.

Da farko ka rubuta masa "kashi na uku" alhali babu na ɗaya babu na biyu. Sai ga ka ka fito daga cikin karan dawa da rawani, wai kai ne ɗan fashin daji, ka nuna abokinka Ƙasimu da bindiga. Gaskiya a nan na ɗan tsorata, idonka ya yi. Amma kana harbi bututun robar ya lanƙwashe ya kalli ƙasa. Jinin kuma zoɓo ne, ni da nake ganin na gaske kullum ba za ka yaudare ni ba, ita ma akuyar da ta shigo ta lashe shi daga rigar mamacin ba ta yaudaru ba. Gawar kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta huta ba. Cinnaku suka hau ta, ta yi ta susa a ɓoye, ka bi akuya da gudu, wayar gawa ta yi ƙara, gawa ta ɗauka ta yi magana. Duk wannan hoton yana karkace saboda ka maƙale wayarka a reshen bishiya.

Don Allah ka yi kashi na huɗu. Na fi son wannan da duk fina-finan da aka kashe wa dukiya.

Uwar ɗakinka,
Lailatu

*

Sara, Laraba 6 ga Nuwamba

Lailatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, tana gaishe da Kawu. Ni ba bawan kowa ba ne.

Zan gaya miki gaskiya, takardarki ta yi mini ciwo. Waɗancan da muke yi wa dariya na wasu ne. Wannan ni ba don dariya na yi shi ba. Wata guda ina tsara shi a raina, na ɓoye wa kowa, daga ni sai Ƙasimu, shi ma da ƙyar na same shi domin ranar zai tafi cirani Fatakwal.

Amma na karanta abin da kika lissafa ɗaya bayan ɗaya, na zauna na gyara. Na yanke akuya, na yanke susa, na yanke lanƙwashewar bindiga da maganar waya. Na duhunta hoton, yanzu zoɓon naki ya koma baƙi-baƙi. Abin da ya rage bai wuce minti biyu ba, amma wallahi ya yi kyau, ni kaina da na kalla sai da tsigar jikina ta tashi. Na kai wa mai tura fina-finai na tasha ya riƙa zuba wa mutane a waya, in ga abin da za su ce.

Tsohon kuwa na goge shi a wajena. Naki ne kaɗai ya rage. Ki goge shi, ba na son kowa ya sake ganinsa. Ki aiko Dogara ya gaya mini kin goge.

Rabi'u

*

Sara, Alhamis 14 ga Nuwamba

Lailatu,

Salamu alaikum. Jikinmu lafiya, amma hankalinmu ba ya kwance. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna rawa yake.

Abin ya ɓaci. Mai turin nan ya zuba wa mutane hoton ba tare da sunan fim ba, don ni ma da na gyara na manta ban mayar da rubutun farko ba. Daga waya zuwa waya, wani ya ɗora murya a kai yana cewa ga yadda ake kashe mutane a dajin Gwaram, a taimaka a yaɗa. Nan garin kuwa kowa ya gane idona, kowa ya gane rigar Ƙasimu.

Ashe Ƙasimu bai gaya wa mahaifiyarsa zai tafi ba. Inna Mero ta hana shi cirani bana, sai ya sulale. Yau kwana goma sha uku wayarsa a kashe. Jiya aka nuna mata hoton, ta zube a tsakar gida.

Na ce musu fim ne. Suka ce wa ya riƙe kamara? Na ce reshen bishiya. Na ce Fatakwal ya tafi. Suka ce a motar wa, wajen wa? Ban sani ba, Lailatu, ban tambaye shi ba, hankalina yana kan fim. Yayansa Ismail ya fizge wayata ya buga da ƙasa. Mai turi ya share kwamfutarsa tas saboda tsoro, ya ce bai taɓa ganina ba.

Dogara ya gaya mini tun wancan makon kin ce kin goge. Amma ina roƙonki, ki sake dubawa. Ko wata ƙawarki ta kwafa? Ko rabin ne, ko wurin akuyar kaɗai. Yanzu haka akwai mutane zaune a ƙofar gidanmu ba sa magana, kuma ba gaisuwa suka zo ba.

Rabi'u

*

Birnin Kudu, Asabar 16 ga Nuwamba

Bawana mai wayo,

Salamu alaikum, muna lafiya, ina gaishe da Gwaggo.

Kai, ka iya! Har da rawar hannu a rubutu. Da haka ka tsara fim ɗinka da ka yi suna. "Mutane zaune a ƙofar gida ba sa magana." Wannan shi ne kashi na huɗun?

Na gane tarkonka sarai. So kake ka tsorata ni in ce ban goge ba, ka kama ni da ƙarya ka yi ta yi mini gori har Sallah. Ka manta bara da ka aiko cewa kunama ta harbe ka kana gargara, na yi kuka, ashe goro kake so in aiko? Ba a yi mini sau biyu.

To ka ji da kyau: na goge. Babu shi a wajena, babu a wajen ƙawayena, babu akuya babu jelarta. Ka kwantar da hankalinka, babu mai sake ganin abin kunyarka. Ka aiko mini gyararren in ga ko tsigar jikina za ta tashi.

Uwar ɗakinka,
Lailatu

*

Sara, Talata 19 ga Nuwamba

Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina raye. Inna ba ta cin abinci.

Takardarki ta iso. Na karanta sau uku ina neman inda za ki ce wasa kike, ban samu ba. Ban ga laifinki ba. Ni na ce ki goge, kuma ni na koya miki rashin yarda da ni.

Ina rubuta wannan daga zauren mai unguwa. Ranar Lahadi da hantsi aka jefi ƙofar gidanmu, aka fasa tulun Inna. Mai unguwa da kansa ya zo ya riƙe hannuna ya ratsa da ni ta cikin mutane. Waɗanda nake sallah da su sahu ɗaya, Lailatu. Wanda yake yi mini aski yana cikinsu. Ban taɓa sanin fuskar mutum tana iya rufewa haka ba. Wani ya tofa mini yawu a wuya, ban iya ɗaga hannu na goge ba.

Na kai su wurin da muka yi fim ɗin, ina tsammanin za mu tarar da bututun. An girbe gonar, shanu sun shiga, babu komai sai wani tsumma da ya rine da zoɓo. Ismail ya ɗauka ya sa a aljihu. Da ma ban kai su ba.

Mai unguwa ya aika wa hukuma, an ce za a zo, ana bincike. Amma ya gaya mini a fili, ba ya jin zai iya riƙe mutane fiye da Juma'a. Ranar ne ƙauyuka za su shigo masallaci, kuma hoton ya riga ya kai musu. Ya ce ko Ƙasimu ya fito, ko wata shaida da ido zai gani. An yi ta kiran mutanenmu na Fatakwal, babu wanda ya gan shi. Ni kaina na fara tsoron ko wani abu ya same shi a hanya, in haka ne kuwa tawa ta ƙare.

Duk lokacin da na ji ƙarar babur ya tsaya a waje sai in miƙe tsaye. Akwai wata 'yar taga a zauren, ta nan nake hango gorar Ismail jingine da bango. Ba ya tafiya da ita gida, nan yake barinta don in riƙa gani.

Abin da yake ci mini rai shi ne, sau ɗaya a rayuwata na yi abu ya yi kyau har mutane suka yarda da shi.

Idan abin ya zo da ƙarar kwana, ki roƙi Kawu ya ɗauko Inna ta koma wajenku, kada a bar ta a garin nan. Memorin da muka tara suna cikin gwangwanin madara a kan katangar ɗakina, naki ne. Ki yafe mini kunamar bara.

Dogara ya ce motarsa tana gareji, ban san ranar da wannan za ta same ki ba.

Rabi'u

*

Birnin Kudu, Alhamis 21 ga Nuwamba

Yaya Rabi'u,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya. Ban san wace gaisuwa zan yi ba.

Ƙarya na yi maka. Ban goge ba. Ga shi nan na manne shi da filasta a ƙasan takardar nan, ka ɓare a hankali.

Yau da safe ina canza wa wata tsohuwa ledar ƙarin ruwa, 'yarta ta miƙo mini waya ta ce, "Malama, kin ga abin da ake yi a Gwaram?" Na duba na ga idonka. Yaya, ni da na san akuya tana nan tafe, ni da na san zoɓo ne, sai da na tsorata. Na jira bindigar ta lanƙwashe, ba ta lanƙwashe ba. Na jira Ƙasimu ya yi susa, yana kwance shiru. Duk abin da na lissafa maka ina dariya ka cire shi, ka bar abin da zai kashe ka. Ni na ba ka jerin da hannuna.

Na fita da gudu zuwa tasha da farin kayana, na tarar Dogara ya iso ke nan da takardarka ta Talata. A tsaye na karanta ta ina kuka, 'yan acaɓa suna kallona.

Na ce zan biyo shi, ya ƙi. Ya ce tashar Sara cike take da mutanen Ismail, in suka ga 'yar'uwarka da memori a hannu za su karɓe su taka kafin a kai ga kallo. Baba ma ya hana ni, ya ce shi zai shiga motar gobe da sassafe, takardar tana aljihunsa. Na yi tunanin turawa ta waya, amma abin da ya shiga waya ɗaya a garinku sai an yanka shi kafin ya isa ta biyu. Na kwafa a wurare uku saboda tsaro.

Ka saurare ni da kyau, domin sau goma sha ɗaya na kalli fim ɗin nan, na fi ka saninsa. A nuna shi gaba ɗaya, a talabijin babba, a gaban mai unguwa da Inna Mero. Kada a fara daga tsakiya, za su ce haɗi ne. Minti biyun farko za su yi maka wuya, domin daidai suke da abin da suka gani. Ka daure. A minti na uku bindiga za ta sunkuya. A na biyar akuya. A na bakwai susa.

Na tara shi ne mai muhimmanci. Lokacin da ka bi akuya, wayar Ƙasimu ta yi ƙara. Kai ba ka ji abin da ya ce ba, kuma na san da ka zo gyara ka tsallake wurin don kunya. Ya ambaci sunan wanda zai ɗauke shi. A ƙure murya a wurin, a sa kowa ya yi shiru.

Ban goge ba ne saboda duk ranar da wani ya rasu a hannunmu a asibiti, shi nake kunnawa in samu in yi numfashi. Na ji nauyin gaya maka haka, sai na ɓoye a cikin tsokana.

Ba zan ci komai ba sai na ji daga gare ka. Allah ya tsare ka, Allah ya tsare ka.

Lailatu

*

Sara, Lahadi 24 ga Nuwamba

Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gida. Inna ta sha kunu jiya, yau har ta yi mini faɗa, kin ga ta warke. Na san Kawu ya ba ki labari, amma shi a gefe yake zaune, ni ne a tsakiya.

Kawu da Dogara sun iso ranar Juma'a da hantsi. Da na ɓare filastar na ga memorin, sai na miƙa wa mai unguwa. Mai unguwa ya aika aka ɗauko talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo da janareto, aka kafa a inuwar ƙofar gidansa. Ana saukowa daga masallaci wuri ya cika, har kan katanga. Aka shimfiɗa wa Inna Mero tabarma a gaba. Ni aka zaunar da ni kusa da talabijin ina fuskantar mutane. Ismail ya ɗauki gorarsa daga jikin bango.

Kin ce minti biyu. Ban san minti biyu suna da tsawo haka ba. Da na fito daga cikin kara a hoton, sai wani gurnani ya tashi daga bayan taro, aka fara matsowa. Wani ya ce, "Mu za a sake nuna wa? A kashe abin nan a ba mu shi!" Da Ƙasimu ya faɗi, Inna Mero ta rufe fuska da mayafi. Ina jin ƙafafu suna jan ƙasa. Na fara kalmar shahada a zuciyata, ina ƙirga numfashina.

Sai bindiga ta sunkuya.

Babu wanda ya yi dariya. Kamar ba su gane abin da suka gani ba. Akuya ta shigo, ta tsaya a kan gawa, ta fara lasa. Wani tsoho ya ce, "A'a, wannan ai akuyar gidan liman ce." Aka ce masa ya yi shiru.

Da aka zo wurin susa, wata mata ta taɓa Inna Mero ta ce ta duba. Ta buɗe ido. Ga ɗanta kwance ya mutu, hannunsa yana lallaɓawa a hankali zuwa bayan cinya, ya sosa, ya mayar, ya sake mutuwa. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ya sake sosawa, wannan karon da ƙarfi. Ta ce, "Ɗan banza! Ɗan banzan yaro! Haka yake susa tun yana goye." Tana faɗa tana kuka tana dukan talabijin da tafin hannu.

Mai unguwa ya ɗaga hannu, aka ƙure murya. Waya ta yi ƙara a aljihun gawa. Gawa ta ɗaga kai ta duba ko ina kusa, ta ce, "Malam Ɗan'auta, don Allah kada ku tashi, ina mutuwa ne, yanzu zan gama in zo. Inna ba ta sani ba, sai mun isa."

A nan taron ya fashe. Wanda ya tofa mini yawu yana riƙe da ciki. Mai askina ya durƙusa. Ismail bai yi dariya ba, ya ciro waya, domin kowa ya san Ɗan'auta mai motar albasa. Kafin la'asar an samu Ƙasimu a wata kasuwa can, yana sauke buhu, wayarsa ta faɗa ruwa tun ranar da suka isa. Aka sa shi a sifika, uwarsa ta zage shi tas a gaban gari, yana ta cewa, "Me ya faru? Fim ɗin ya fito ne?"

Sau uku aka sa a maimaita. Ismail ya zo ya tsaya a gabana, ya ciro tsumman zoɓon ya ajiye mini a cinya, ya ce in yafe. Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa, sauran jikina bai kai can ba tukuna. Jiya na fita sayen sabulu, babur ya tsaya a bayana, sai na tsinci kaina a cikin shagon mutane. Kowa yanzu in ya gan ni sai ya sosa cinya ya yi dariya, ni ma in yi. Amma na riga na ga fuskokin nan waccan Lahadin, kuma su ne dai.

Kin san yadda na tsani a yi mini dariya. Ranar Juma'a ina zaune ina roƙon Allah ya sa su yi, su ƙara, kada su daina.

Ga memorin na mayar miki, na manne shi da filastarki. Mai turi ya zo har gida yana nema, na ce ba nawa ba ne. Ki ci abinci. Ki ci gaba da kunna shi duk ranar da aiki ya yi miki nauyi, na yarda. Kuma idan na sake ce miki ki goge wani abu, ki ce mini to, ki yi mini ƙarya.

Bawanki,
Rabi'u